Watanni Bakwai a Kan Jimloli 50

Ranar da Laoshi ta raba mana aikin, kwana biyu ke nan da sakin ɗumin ɗakuna. A birnin Xi'an na ƙasar Sin sai tsakiyar Nuwamba ake kunna zafin da ke bi ta bututu, kafin nan kowa da ƙatuwar rigar sanyinsa yake zama gaban kwamfuta. Mu shida ne muke karatun digiri na biyu da na uku a hannunta, a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, kuma ni kaɗai ne baƙo. A can ba a kiran malami da sunansa gatsau, Laoshi ake cewa. Wadda ta riga ka zuwa hannun malamin Shijie ce, wato yaya mace, wanda ya zo a bayanka kuma Shidi, ƙane. Ban sha wahalar sabawa da wannan ba, don a gidanmu ma ba a kiran na gaba da sunansa.

Abin da take so shi ne ta yi bincike a kan leburorin masana'antu da masu shara da masu girki a ɗakunan cin abinci, ta ga ko halin mutum yana da hannu a yadda aiki yake cinye shi. Yawancinsu iyakarsu shekara 9 ta karatun dole, wasu ma ba su kai ba. Ta ce kafin mu auna kowa, sai mun tabbatar da abin awon. Nan take na gane inda ta dosa, domin duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san ba a shiga ciniki sai an ga tiyar da za a auna da ita.

Abin awon takarda ce mai jimloli 50, daga rumbun tambayoyin da ake kira IPIP, wanda Lewis Goldberg, wani masani a jihar Oregon ta Amurka, ya buɗe wa duniya. Kyauta ne, kowa yana iya ɗauka ya fassara ba tare da neman izini ba, saɓanin takardar NEO-PI-R ta Costa da McCrae ta 1992 mai jimloli 240, wadda sai ka biya masu haƙƙinta. Jimlolin gajeru ne. Mutum ya karanta, ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda maganar ta dace da shi. An kasa su goma-goma zuwa gida biyar, bisa ra'ayin da ya yi ƙarfi a fagen cewa halayen mutane suna taruwa a manyan rassa biyar: son shiga jama'a, tausayi da sauƙin kai, tsare aiki, kwanciyar rai, sai kaifin tunani. An taɓa fassara ta zuwa Sinanci, an buga sakamakon a 2008 da sunan Goldberg kansa cikin marubutan, amma a kan waɗanda suka amsa ta intanet aka gwada ta. Laoshi ta ce wanda ke cike tambayoyi a intanet a wancan lokacin daban, matar da ke goge matakalar gininmu daban. Sabuwar fassara take so, da Sinancin da ake yi a kasuwa da bakin tasha.

Rabona a aikin abu biyu ne, Turanci da lissafi. Sinancina ya isa in yi ciniki, in bi lacca, in yi gardama kaɗan, amma zaɓen kalmar da za ta ɗauki halin mutum aikin 'yan gida ne.

Shijie da wata ɗalibar sashen Turanci kowacce ta yi fassararta ita kaɗai, ba ta ga ta 'yar'uwarta ba. Muka zauna muka haɗe su ta zama ɗaya. Sai aka ba wani malami da ya yi shekaru a Ingila, wanda bai taɓa ganin asalin ba, ya mayar da Sinancin zuwa Turanci. Richard Brislin ne ya shimfiɗa wannan dabara a 1970, kuma har yau duk mujallar da ka kai wa irin wannan aiki sai ta tambaye ka ko ka bi ta. Ni aka miƙa wa takardun biyu, asalin da wanda ya je ya dawo, in jera su gefe da gefe in ja jan layi duk inda suka saɓa.

Waɗanda suka saɓa ba su ba mu wahala sosai ba. Ba'amurke idan ransa babu daɗi sai ya ce yana jin shuɗi. Ɗalibar Turancin ta san karin maganar, ta sa youyu, amma malamin ya dawo da ita da kalmar da likitoci ke faɗa wa mai ciwon damuwa. Muka gane ta yi nauyi, muka sauko zuwa xinqing bu hao, wato rai ba daɗi, abin da kowa ke faɗa idan ya tashi ba ya jin garau. Jimla ta farko a takardar kuma tana cewa "ni ne ran biki". Bikin da Goldberg yake nufi shi ne wanda ake tsaitsaye da kofuna a hannu ana hira da waɗanda ba a sani ba. Leburan Shaanxi, lardin da Xi'an ke ciki, ba ya zuwa irin wannan. Taronsa zagayayyen teburi ne, da dangi ko abokan aiki, ana miƙa wa juna abinci. Muka rubuta: idan an taru cin abinci, ni ne nake sa wurin ya yi armashi. Duk inda jan layi ya hau, mun tsaya mun yi magana mun gyara.

Ba a nan gizo yake saƙa ba. Akwai jimlar da ke cewa "ina da zuciya mai taushi". Sinawa suna da kalmar da ta yi daidai da ita kamar an auna: xinruan, xin zuciya, ruan taushi. Ta je ta dawo kalma da kalma, ko wasali bai kauce ba. Na sa mata alamar daidai da hannuna na wuce, ina jin daɗin samun guda da ba sai mun yi gardama a kanta ba.

Da ta Shidi za a bi, daga nan sai rabawa. Laoshi ta ce a'a, sai mun zauna da mutum 12 irin waɗanda aka yi takardar dominsu, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta jimla da ƙarfi, ya zaɓi lamba, sannan ya faɗa mana abin da ya zo masa a rai kafin ya zaɓa. Shijie ce ke tambaya, ni ina rubutu ina kallon fuska.

Ta uku da muka zauna da ita matar da ke share gininmu ce. Ayi muke ce mata, kamar ka ce Inna ko Gwaggo. Ta haura shekara 50, daga wani ƙauye a arewacin lardin ta zo, kuma harshenta yana da karin can, har Shijie takan ce ta maimaita. A ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakala muka same ta, inda take ajiye tsintsiya da bokiti da fulas ɗin ruwan zafi. Ta goge hannu a jikin rigar aikinta kafin ta karɓi takardar, ta riƙe ta nesa da fuska saboda ba ta da tabarau. Duk wanda ke ginin ya san wannan mata. Ita ke ajiye wa kuliyoyin harabar ragowar abinci a murfin roba. Lokacin da na yi zazzaɓi a shekarata ta farko, ita ta lura kwana uku ba ta gan ni ba, ta tambayi Shijie.

Da ta zo kan xinruan sai ta zaɓi 2.

Shijie ta ce, "Ayi, me ya sa 2?"

Ta ce, "Da can ina da shi. Ƙanin mijina ya zo yana kuka, na ɗauki kuɗin makarantar 'yata na ba shi rance. Shekara nawa ke nan, shiru. Xinruan ne ya ja mini. Yanzu na yi hankali."

Na ajiye biro. A wajenta kalmar ba yabo ba ce. Tana nufin wanda ba ya iya cewa a'a, wanda hawaye ke juya shi, irin wanda mu za mu ce kirkinsa ya yi yawa har ana taka shi. Goldberg tausayi yake son aunawa, mu kuma mun aika wata kalma ta je tana tambayar mutane ko ana cutarsu cikin sauƙi. Daga cikin sauran da muka zauna da su, wasu sun ɗauke ta a matsayin tausayi, wasu kamar Ayi, kuma na lura waɗanda duniya ta fi gasawa su ne suka fi gudun ta. Da mun raba takardar a haka, da mafi jin ƙai a cikin ma'aikatan sun fito da ƙaramin maki a gidan tausayi, kuma babu wani lissafi da zai gaya mana dalili. Muka sauya ta da doguwar jimla: idan na ga wani cikin wahala, raina yana sosuwa. Ba ta kai ta farko daɗin faɗa ba, kuma ta matso kusa da wasu jimloli biyu na gidan har sun yi kama, amma kowa ya fahimce ta ta fuska ɗaya.

Gidan kaifin tunani ya fi kowanne ba mu ciwon kai. Akwai jimlar da ke cewa "ina da dabaru masu kyau ƙwarai". Ayi ta yi dariya ta rufe baki da bayan hannu, ta ce, "Ni da nake shara, wace dabara gare ni?" Ta zaɓi 1. A daidai bayanta, jingine da bango, akwai wani abu da ta haɗa da kanta daga wayar rataye kaya da gorar roba da aka yanka, da shi take zaƙulo gashin da ke toshe magudanar bayi, abin da masu gyaran famfo sukan yi kwana biyu ba su zo sun duba ba. Ina kallon abin ina rubuta 1. Wani mai girki kuma, Shifu muke ce masa kamar yadda ake ce wa duk mai sana'ar hannu, da ya karanta "ina amfani da kalmomi masu wuya" sai ya ɗaure fuska ya ce mai yin haka ba ya son a gane shi ne, ko kuma yana nuna isa. Ya zaɓi 1 da alfahari. A asalin takardar, maki mai yawa a nan alamar basira ce. A wajen Shifu alamar rashin ladabi ce.

Sai maganar tsakiya. Da farko mun rubuta bu queding a kan lamba 3, wato ban tabbata ba. Mutane suka guje ta, don babu mai son ya ce bai san kansa ba. Muka mayar da ita yiban, wato haka-haka, sai kowa ya kwarara can, domin yiban ita ce amsar mai kunya ga kowace tambaya, daga daɗin miya har ƙoƙarin ɗansa a makaranta. Abin ba sabo ba ne. Tun 1995 Chen da Lee da Stevenson suka nuna ɗaliban Japan da na Taiwan sun fi na Amurka zaɓen tsakiya. Shijie ta ce tarbiyya ce, zhongyong, tsayawa tsaka-tsaki da aka gada daga koyarwar Confucius. Shidi ya ce mu cire tsakiyar baki ɗaya mu bar lamba huɗu, kowa ya fito fili. Laoshi ta ƙi, ta ce idan muka canja yawan lambobin ba za mu iya kwatanta namu da na asali ba, kuma akwai wanda da gaske a tsakiyar yake. Muka rubuta: rabi ya dace da ni, rabi bai dace ba.

Abu ɗaya ne na riga 'yan gida gani, kuma Hausa ce ta nuna mini. Akwai jimloli masu korewa, kamar "ba na damuwa idan idon kowa yana kaina". Shifu ya karanta, ya ce, "Haka ne, ba na damuwa," sannan ya kai biro kan 1, inda aka rubuta sam bai dace da ni ba. Ya ji "ba" a jimlar, ya ga "ba" a amsar, sai ya haɗa su. Na tuna yadda muke fama da malaman Turanci a sakandare. Bahaushe idan aka ce masa "ba ka je ba?" sai ya ce "eh, ban je ba", Bature kuwa a'a zai ce. Basine irin namu yake amsawa. Shijie da Shidi sun daɗe suna cike irin waɗannan takardu har kansu ya saba da juyin, ba su ƙara jin nauyinsa. Na faɗa a taron mako, Laoshi ta sa aka sake duba duk jimlar da ke da bu, wato "ba" ɗin Sinanci, a ciki. Waɗanda za a iya juyawa ba tare da an taɓa ma'ana ba muka juya, "ba na yawan magana" ta koma "maganata kaɗan ce". Wasu ba su juyu ba, muka bar su muna sane.

A kan wannan jimlar ta magana Ayi ta yi tambayar da har yau take bina. Ta ɗago kai ta ce, "A gaban wa? A nan ko a gida?" Shijie ta ce ta amsa yadda ta fi zama. Ayi ta ce a nan bakinta a rufe yake, don ita ba kowa ba ce a ginin masu digiri, amma a ƙauyensu idan ana biki ita ce ke raba aiki, muryarta har bakin hanya. Ta daɗe tana kallon lambobin.

Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince a Disamba. Al'adar fagen ita ce a nemi kamar mutum 10 ga kowace jimla, wato 500, kuma mu rukuni biyu muke so, ɗalibai da ma'aikata. Na ɗalibai bai ɗauki lokaci ba. Muka ɗora takardar a Wenjuanxing, dandalin da kusan kowane ɗalibi a Sin yake raba tambayoyinsa, muka watsa ta a zaurukan manhajar hira ta WeChat da ɗan tukuicin hongbao, wato kyautar kuɗi ta waya, ga duk wanda ya gama. Tukuici yana jawo masu danne-danne, don haka muka cusa layi ɗaya a tsakiya mai cewa "a nan zaɓi 2". Duk wanda ya kauce masa, ko ya gama jimloli 50 cikin abin da bai kai minti biyu ba, na cire shi.

Na ma'aikata a takarda muka yi, a wata masana'anta da ke bayan gari, lokacin hutun cin abincin rana. Ranar farko shugaban sashe ya tsaya a bakin ƙofa da hannu a baya, wai yana taimaka mana. Da na shigar da amsoshin ranar a kwamfuta da dare, gidan tsare aiki kusan 5 ne daga sama har ƙasa. Kowa a shirye yake kullum, babu mai barin kaya a warwatse, babu mai zille wa aiki. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Mutumin da abincin 'ya'yansa ke hannun wanda ke tsaye a ƙofa ba zai rubuta cewa yana kasala ba. Muka ware takardun ranar gefe. Laoshi ta je da kanta ta roƙi a ba mu ɗaki mu kaɗai, muka kawo ambulan da akwati mai ƙaramar kafa, babu suna, lamba kawai, kowa ya liƙe tasa ya jefa da hannunsa. Ni ma na zama abin kallo, don da yawansu ba su taɓa zama kusa da baƙar fata ba, ana son hoto ana son tambayar ƙasarmu. Na koma waje da akwatin, sai wanda ya gama ya fito mu gaisa.

Dole kuma a sake ba wasu takardar bayan makonni, a ga ko amsarsu za ta tsaya, don hali ba ya sauyawa kamar yanayin gari. A nan muka yi kuskuren kalanda. Zagaye na biyu na ɗalibai ya faɗo cikin jarrabawar ƙarshen zango a Janairu, kowa a firgice, gidan kwanciyar rai ya rikice. Ma'aikata kuma suka watse ƙauyukansu bikin sabuwar shekara, wasu ba su dawo masana'antar ba. Sai da muka sake wannan sashe daga farko a Maris da Afrilu.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Idan jimloli 10 abu ɗaya suke aunawa, wanda ya ba ɗaya maki mai yawa ya kamata ya ba sauran. Lee Cronbach ya fitar da ma'aunin wannan a 1951, ana ce masa alfa, kuma an saba neman 0.7 ko sama. A wajen ɗalibai gidajen biyar duk sun haye. A wajen ma'aikata huɗu suka haye, kaifin tunani ya rage a ƙasa, kuma ban yi mamaki ba, na ga Ayi da Shifu a cikin lambar.

Na biyu shi ne ka zuba wa kwamfuta amsoshin gaba ɗaya ba tare da ka gaya mata wace jimla ce 'yar wane gida ba, ka ce ta tara waɗanda ke tafiya tare. Na ɗalibai sun rabu gida biyar, da 'yan ɓatattu biyu ko uku. Na ma'aikata sai ga gida na shida ya tsiro. Na buga sunayen 'yan gidan a takarda na kai wa Shijie: ɗaya daga tausayi, biyu daga kaifin tunani, wasu daga shiga jama'a. Babu abin da ya haɗa su sai bu ɗin da muka kasa cirewa. Gida ne na nahawu, ba na hali ba.

A na uku aka yi rigima. A wannan kai ne kake ba kwamfuta taswirar gidajen ka tambaye ta ko amsoshin sun zauna a kanta, ita kuma ta ba ka lambobi. Masu duba mujallu suna son ma'aunin da ake kira CFI ya kai 0.90, wani kuma mai suna RMSEA kada ya wuce 0.08. Na biyun ya yi, na farkon ya gaza. Ba mu kaɗai ba ne, McCrae da abokan aikinsa sun koka tun 1996 cewa wannan gwaji yana kayar da takardun halayya ko da masu kyau ne, domin jimla ɗaya takan taɓa gida fiye da ɗaya. Amma manhajar Mplus tana ba ka jerin shawarwari: ɗaure wannan jimla da waccan, lambar za ta ɗaga. Shidi ya zauna dare guda yana ɗaurewa har ta haye 0.90, ya kawo da safe idonsa jajir. Yana bukatar a buga masa takarda kafin a ba shi digiri, iyayensa manoma ne, kuma na san nauyin da ke kansa. Duk da haka na ce ban yarda ba, muka ɗaga wa juna murya a gaban kowa, abin da ba a yi a ɗakin nan. Laoshi ta bari muka gama, sannan ta tura masa takardarsa ta ce, "Kowane layi da ka ja, gaya mini dalilinsa da baki." Ya iya kare guda ɗaya, na jimlolin korewa, domin wannan mun ji shi da kunnenmu a bakin Shifu. Shi kaɗai ta bari. Lambar ta tsaya ƙasa da 0.90 kaɗan, kuma haka muka rubuta ta. Da yamma Shidi ya same ni a shagon Musulmi 'yan Hui inda nake cin paomo, gurasar da ake marmasawa cikin romon rago, ya zauna muka marmasa tare.

Gwajin da na fi damuwa da shi na ƙarshe ne: shin lamba 3 a hannun ɗalibi ita ce 3 a hannun lebura? A gidaje huɗu kusan haka ne. A kaifin tunani ba haka ba ne. Ni na rubuta wannan sakin layi a rahoton, na kuma roƙi kada a tausasa shi: ba a yarda a ɗauki wannan takarda a ce ma'aikata sun fi ɗalibai ƙarancin basira ba, domin abin da ya sauko da makinsu har da ƙin yabon kai. Irin wannan kwatance ya taɓa ruɗar manya. A binciken da Schmitt da ɗimbin abokan aiki suka buga a 2007 kan ƙasashe 56, Japan da Koriya ta Kudu sun faɗo can ƙasa a tsare aiki. Duk wanda ya san yadda ake aiki a waɗannan ƙasashe ya san da sauran rina a kaba. Heine da abokansa sun riga sun bayyana wani ɓangare na dalilin a 2002: kowa da maƙwabtansa yake auna kansa, kuma wanda ke zaune cikin masu tsananin himma kullum gani yake bai kai ba.

Muna cikin rubuta rahoton Laoshi ta ba ni wasu takardu ta ce in karanta kafin in yi murnar gidaje biyar sun fito. Aikin Fanny Cheung ne ta Jami'ar Sinawa ta Hong Kong, tare da masana na Cibiyar Nazarin Halayya da ke ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya ta Sin a Beijing. Su ba fassara suka yi ba. Sun fara daga littattafan hikaya na Sinanci da karin magana da yadda talakawa ke siffanta juna, suka gina tasu takardar, CPAI, wadda aka buga a 1996. Da aka ba mutane ita tare da NEO-PI-R, sai wani reshe ya ware kansa, bai shiga ko ɗaya cikin biyar ɗin ba. A cikinsa akwai renqing, bashin alheri da ke tsakanin mutane, wanda ake biya da halartar biki da jana'iza da rance. Akwai mianzi, kare fuskarka da ta wani. Akwai gudun ɓata zaman lafiya. Rancen da Ayi ta ba ƙanin mijinta a nan yake zaune, kuma a cikin jimlolinmu 50 babu wadda ta tambaye shi. Kwamfuta ba ta fitar da gidan da ba ka zuba mata tubalinsa ba.

A daren na kira gida. Ni ɗan fari ne, kuma tun da aka haife ni Umma ba ta taɓa kama sunana ba. Ranar da zan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ba ta raka ni ba, ko zaure ba ta fito ba, sai a Xi'an na buɗe jaka na tarar da dambun nama da yaji a ƙulle cikin tsohon ɗankwalinta. Idan na kira, gaisuwa biyu take yi ta miƙa wa ƙanwata wayar, sannan in riƙa jin muryarta daga gefe tana cewa a tambaye shi ko yana cin abinci. Na fassara mata jimloli uku ta bakin ƙanwar tawa, wai in ji me za ta ce. A kan "nakan ja baya in bar wasu a gaba" ta yi shiru, sannan na ji ta ce, "Ce masa ya danganta da waɗanda ke wurin." A gaban surukanta ko a kan abin da ya shafe ni, kara ba ta barin ta ta ɗaga ido. A gidan suna ko a ƙungiyar adashinsu ita ce uwar taro. Anthony Kirk-Greene, da ya tattara siffofin mutumin kirki a wajen Bahaushe a 1974, ya lissafa kunya da mutunci da haƙuri da ladabi. Kusan dukkansu ba a gane su sai an san gaban wa mutum yake. Takardar Oregon tana tambayar mutum shi kaɗai a ɗaki, kuma tana yin wannan aikin da kyau gwargwado, na gani da idona a lissafi. Sauran rabin ba ta tambaya.

A watan Yuni muka rufe. Rahoton ya ce gidaje huɗu sun inganta ga ɗalibai da ma'aikata, na biyar a yi hattara da shi, kuma kada a kwatanta rukunin biyu a kansa. Laoshi ta yanke cewa a babban binciken za a haɗa da sashen mu'amala na CPAI, ta rubuta wa masu ita neman izini.

Kafin in tafi hutu muka sauka ƙarƙashin matakala da kwafin ƙarshe. Shijie ta sayo wa Ayi tabarau na karatu a bakin titi, ta saka tana gyara shi a kan hanci. Ta bi jimlolin da yatsa. A kan mai cewa raina yana sosuwa idan na ga wani cikin wahala, ba ta tsaya tunani ba, ta zagaye 5. Jimlar dabaru mun mayar da ita "idan abu ya cije, nakan samo hanyar da wasu ba su gani ba". Ta waiwaya ta dubi wayarta da gorar roba da ke jingine da bango, ta zagaye 4. Da ta iso kan "maganata kaɗan ce" sai ta cire tabarau ta dube mu.

"Har yanzu ba ku rubuta a gaban wa ba," in ji ta.

Shijie ta ce, "Ba mu rubuta ba, Ayi."

Ta mayar da tabarau, ta zagaye 3, ta wuce ta gaba.